Ba ƙugiya, ba zare, ba koma: wane kayan su mutum zai fara haɗawa a daji?

DanDaji_01
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya ga waɗanda suka san ruwa suka san daji. A ce mutum ya maƙale a daji kusa da rafi ko tafki, ba shi da komai sai wuƙa, wataƙila ma wuƙar babu sai dutse mai kaifi. Ba ƙugiya, ba zaren roba, ba koma. Da me ya kamata ya fara? Ni a ganina fatsa ce, don ita ce mafi ƙarancin kaya: sanda, zare, ƙugiya. Amma ina son bayani dalla-dalla: da me ake yin ƙugiyar, yaya ake tufka zaren da ba zai tsinke ba, kuma a ina aikin ya fi lalacewa.

Mai_Tufka
Wa'alaikumus salam. Malam DanDaji, kafin ka yi maganar ƙugiya yi maganar zare. Ƙugiya aikin rabin awa ce, zare shi ne ke cinye yini. Kuma duk abin da za ka haɗa, ko fatsa ko gura, wato kwandon tarkon kifi, ko mashi, sai ya nemi ɗauri.

Abin da ake nema shi ne ɓawon ciki, wato farin nan mai laushi da ke tsakanin ɓawon waje da itace. Ka karya ɗanyen reshe, ka ja ɓawon. Idan ya biyo ka dogo bai gutsure ba, ka naɗe shi a yatsa ka ƙulla. In ya ƙullu bai karye ba, zai yi. Rama da danginta, kalgo, kuka, duk suna bayarwa. Ganyen moda ya fi su duka kyau ga zaren fatsa: ka shimfiɗa ganyen a kan itace, ka kankare koren da bayan wuƙa ko gefen dutse, sai fararen silille su fito, sirara masu ƙarfi. Kaba da tukurwa sun fi dacewa da ɗauri da saƙa, ba da siririn zare ba.

Tufkar kuwa sili biyu ce. Ka ɗauki zaren ka lanƙwasa shi, amma kada ka lanƙwasa a tsakiya daidai, ka bar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamar taƙi guda. Ka riƙe lanƙwasar da hagu. Silin da ke sama ka murza shi nesa da kai, sannan ka jawo shi zuwa gare ka ya haye ɗan'uwansa. Yanzu ɗayan ya koma sama, shi ma haka. Murza waje, jawo ciki. Saɓanin nan na murza da naɗi shi ne ke hana igiyar warwarewa. Idan sili ya kusa ƙarewa, saura kamar santimita 5, sai ka ɗora sabo a kansa ka murza su tare. Dalilin da ya sa aka bar ɗaya ya fi ɗaya tsawo ke nan: kada ƙarin sili biyun ya haɗu a wuri guda, don a nan take tsinkewa.

Bakin_Gulbi
Ƙari a kan na Mai_Tufka: kada a tufka da ɗanyen zare. Ɗanye yana ƙanƙancewa idan ya bushe, sai tufkar ta saki, igiyar ta yi sako-sako. A shanya shi tukuna ya bushe, sannan a ɗan yayyafa masa ruwa ya yi laushi a tufka. In lokaci ya ƙure, ko awa biyu a rana ta fi babu.

DanDaji_01
Na gode. To kauri fa? Kuma jijiyar dabba ba ta fi zaren tsiro ƙarfi ba?

Mai_Tufka
A bushe ta fi ƙarfi, a cikin ruwa kuwa ba ta da amfani. Jijiya da ɗanyar fata suna shan ruwa su yi laushi su miƙe, ƙullin ya zame, kifi ya tafi da ƙugiyarka. Zaren tsiro ba ya haka, wasu irinsa ma ƙarfinsu ƙaruwa yake idan sun jiƙe. Kauri: jikin zaren kamar milimita 2, tsawon gaba biyu. Amma taƙi biyun ƙarshe, wurin ƙugiya, ka yi shi siriri kamar milimita 1 da mafi kyawun silin da kake da shi, don kifi na gudun igiya mai kauri a ruwa mai haske. Ka gwada kafin ka jefa: ka ɗaura dutse mai nauyin kilo biyu ko uku ka ɗaga a hankali, sannan ka ɗan girgiza. Kuma ka rage ƙulli iya iyawarka, kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani har kusan rabi.

Tsohon_Masunci
Ɗana DanDaji, ka ce ƙugiya, kuma na san lanƙwasasshiyar nan kake hangowa. Ka ajiye ta tukuna. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi kama kifi ga wanda ba shi da ƙarfe shi ne tsinke mai tsini biyu.

Ka sami busasshen itace mai tauri, ko tsagin ƙashi, ko doguwar ƙaya miƙaƙƙiya irin ta aduwa. Tsawo santimita 2 zuwa 3 ga ƙananan kifi, 4 zuwa 5 ga mai faɗin baki irin tarwaɗa. Kaurin tsakiya kamar tsinken ashana, ko ya ɗan fi. Ka fere kai biyun su yi tsini. A tsakiya ka yi masa ɗan wuya zagaye, kaɗan kawai, yadda zare zai zauna. In ka zurfafa wuyan, nan zai karye. Ka ɗaura zaren a wuyan, ka kwantar da tsinken ya bi tsawon zaren, sai ka zura tana ko tsutsa ko yankin hanjin kifi ya rufe shi gaba ɗaya, shi da ɗan zaren. Kifi zai haɗiye shi a miƙe. Da an ja, sai tsinken ya juya ya gitta a maƙogwaro ko a ciki.

Inda mutane ke ɓata shi: fizga. An saba da ƙugiyar ƙarfe, da an ji motsi sai a fizge. A nan in ka fizga, tsinken zai fito a miƙe kamar yadda ya shiga. Ka saki zare, ka bar shi ya tafi da shi, ka ƙirga goma ko fiye a hankali, sannan ka ja ja mai ɗorewa ba tsayawa. Na biyu, tsinken da ya fi bakin kifin wurin girma. Ka duba irin kifin da ke ruwan, ka yi daidai bakinsu. Gara ƙarami da babba.

Yar_Fadama
Baba Tsohon_Masunci ya faɗi gaskiya. Abu ɗaya: kifin da ya haɗiye wannan tsinke ba ya sakuwa da rai, sai an farke shi. Don haka wanda ke koyo kawai, ba larura ba, ya san duk abin da ya kama nasa ne, ya ci shi.

Makeri_77
Ni ban yarda a watsar da lanƙwasasshiyar ba. Akwai kifin da ba ya haɗiya, sai dai ya tsattsaga abincin da baki, karfasa misali. Tsinke ba zai kama irinsa ba sai da sa'a. Ga hanya uku.

Ta haɗi: ka fere itace mai tauri santimita 4 zuwa 5, ƙasansa ya ɗan fi faɗi, ka sassabe ƙasan a karkace. Ka ɗora ƙaya ko tsinin ƙashi a kan sassaben yadda zai kalli sama ya buɗe kamar digiri 30 daga jikin itacen. Ka naɗe da siririn zare, naɗi mai gittawa tsakanin jiki da tsini, sau goma sha biyar ko ashirin, a matse. In buɗin ya yi yawa, tsinin zai zame daga bakin kifi ko ya karye, in ya yi kaɗan ba zai shiga ba.

Ta reshe: ka nemi ƙaramin reshe mai rassa biyu, ka yanke shi ka bar ɗaya dogo ɗaya gajere ka fere gajeren. Wannan ta fi wadda aka sassaƙa daga itace guda ƙarfi, domin jijiyar itacen ta bi lanƙwasar da kanta. Reshen magarya ma yana zuwa da ƙaya lanƙwasasshiya a jikinsa, ka yanko ɗan guntun reshen da ƙayarsa, ya isa ƙananan kifi.

Ta ƙashi: ƙashin ƙafar dabba, a jiƙa shi ya kwana ya yi sauƙin aiki. Ka fara huda ramin tsakiya tukuna da tsinin wuƙa ko dutse, sannan ka zagaye ramin kana gogawa a kan dutse mai ƙaiƙayi har siffar ta fito. In ka fara da yanke siffar waje, za ta fashe a hannunka lokacin huda. Ka bar gindin lanƙwasar da kauri, don ƙashi yana tsagewa ne ta tsawonsa, kuma duk nauyin kifi a wurin yake sauka. A saman ƙugiyar ka bar ɗan kai ko wuya, kada ka huda rami, ramin yana raunana ta.

Bakin_Gulbi
Makeri, ka manta da abin da za a shafe naɗin. A shafa ƙaro.

Malamar_Kimiyya
A'a ɗan'uwa, ban da ƙaro. Ƙaron bagaruwa da danginta yana narkewa a ruwa, cikin ɗan lokaci zai koma yauƙi ya bar naɗin tsirara. Abin da ake so shi ne danƙon itace irin wanda ruwa ba ya ci, ko kakin zuma. Gwajin ba wuya: ka jefa ɗan guntu a ruwa, in ya fara santsi da yauƙi ƙaro ne. Ka kara wani kusa da wuta, in ya narke ya yi ƙamshi ya kama da baƙin hayaƙi, danƙon da ake nema ne. A narka shi a kan dutse mai zafi, ba a cikin harshen wuta ba, a zuba garin gawayi kamar kashi ɗaya cikin huɗu, in da ɗan kitse ko kaki a ɗiga kaɗan don kada ya yi saurin farfashewa. A shafa da tsinke tun yana da zafi.

Bakin_Gulbi
Haka ne Malama, danƙo ya kamata a ce.

Gwanin_Gura
Ina karanta ku tun ɗazu, kowa yana kan fatsa. Malam DanDaji ya tambaya da me za a FARA. Amsata gura. Mai fatsa yana zaune ne a bakin ruwa da ƙugiya ɗaya, bai nemo itacen wuta ba, bai gyara makwanci ba, bai tafasa ruwan sha ba. Gura kuwa tana aiki yana barci. Kuma ba ta buƙatar kyakkyawan zare, ɓawon itace da aka tsaga ya ishe ta.

Ga yadda ake yi. Tsumagu ɗanyu masu lanƙwasuwa, irin geza ko tsagin gora, ko duk abin da ke fitowa a bakin ruwa wanda za ka naɗe a hannu bai karye ba. Guda 15, kaurin ƙaramin yatsa, tsawon mita ɗaya da 'yan kai. Ka haɗa kawunansu siraran ka ɗaure tam, wannan ne gindi. Ka yi zobe mai faɗin santimita 35 ka ɗaura a ɗaya ƙarshen, shi ne baki, da wani zoben a tsakiya don kada ta lotsa. Sannan ka saƙa da sirarran tsumagu ko kurangar daji, sama da ƙasa, sama da ƙasa, daga gindi zuwa baki. Adadin tsayayyun ya zama mara, 13 ko 15 ko 17. In ka sa cika, zagaye na biyu zai bi sawun na farko, saƙar ba za ta kama ba. Tazarar saƙa kada ta wuce faɗin yatsa.

Sai mazurari. Ƙaramin kwando ne mai buɗaɗɗen ƙarshe, tsayayyu 9 ko 11, tsawon santimita 30. Faɗin bakinsa daidai da bakin gurar, ƙaramin ramin kuma santimita 7 zuwa 10, gwargwadon kifin wurin. Kada ka saƙa shi har ƙarshe, ka bar tsinin tsumagun kamar santimita 5 a fere suna kallon ciki. Kifi yana ture su ya shiga, in ya juyo su tokare shi. Ka zura mazurarin ka ɗaure a wuri huɗu da ƙullin da za ka iya kwancewa, ta nan za ka zazzage kifi. Ramin ya tsaya a tsakiyar gurar, kada ya kwanta a ƙasa, don kifin da aka tsare yana bin bango ne yana neman hanya, in ramin na jikin bango zai same shi.

Abinci: kayan cikin kifi, fasasshen dodon koɗi, ko gutsuren gidan gara da garar a ciki. A ƙunshe a ganye a huda, a rataye a can ciki bayan mazurari. In ka zuba shi haka kawai, ƙanana za su cinye ta waje. Duwatsu biyu ko uku a ciki don ta zauna, igiya zuwa turke ko saiwa.

DanDaji_01
Allah ya saka da alheri. Bakin gurar ina zai kalla, inda ruwa ke fitowa ko inda yake tafiya?

Gwanin_Gura
Inda yake tafiya. Kifi yana fuskantar gudun ruwa, ƙanshin abincin kuma yana gangarawa, sai ya biyo shi ya haura ya shiga. In ka juya bakin sama, ganye da shara za su toshe mazurarin kafin safiya.

Tsohon_Masunci
Gwani, wannan gaskiya ne ga gura mai abinci a ruwan da ke tsaye a kan ƙa'idarsa, ko lokacin da ruwa ke ƙaruwa kifi na haurawa. Amma idan ruwa ya fara janyewa, kifin da ya bazu cikin ciyawa da ƙananan rafuka yana gangarowa ne ya koma babban ruwa. A lokacin bakin gura sama zai kalla, kuma ba ta bukatar abinci, shinge take bukata. A kafa turaku ko a jera duwatsu layi biyu daga gaɓa zuwa gaɓa, su tsuke su haɗu a bakin gurar. A zaɓi wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba. Turaku a kusa da juna, tazarar yatsa biyu, a saƙa musu rassa. Shara za ta taru, dole a share safe da yamma, in ba haka ba ruwa zai taru a baya ya ture shingen ko ya haƙe ƙarƙashinsa. Yadda za ka san ruwa na ƙaruwa ko raguwa: ka kafa tsinke a daidai bakin ruwa da yamma, ka duba da safe.

Gwanin_Gura
Na karɓa Baba. A tafki kuma da ba gudu, a kwantar da ita ta bi tsawon gaɓa, kusa da ciyawa ko faɗaɗɗen itace, don kifi yana bin gefe.

Yar_Fadama
A riƙa duba gura sau biyu a rana, musamman da zafi. Kifin da ya mutu a ruwan ɗumi ba ya jimawa yake ɓaci. Gaiwa kuma dole sai ta leƙo ta shaƙi iska, in gurar ta nutse gaba ɗaya za ta mutu a ciki. Sannan kada a zura hannu ba a duba ba. Maciji na shiga, minjirya na shiga, kuma girgizarta na kaiwa volt 300 da wani abu. Ƙayar tarwaɗa da ta ƙurungu ma a kula, a kama su ta bayan ƙayoyin gefe, a karye ƙayoyin kafin a jefa a jaka.

Mai_Karatu
Tun da an zo kan shinge, ku ba ni dama in ɗan kauce. Wannan aikin ya daɗe ƙwarai. A Ostireliya akwai tarkunan duwatsu na Brewarrina a kogin Barwon, har yanzu suna nan, da na Budj Bim da aka haƙa don kama kifi mai kama da maciji, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019, wasunsu sun kai shekara 6,600. A Katanda, bakin kogin Semliki a Kwango, an tono kawunan mashi na ƙashi masu kunnuwa da aka ƙiyasta shekarunsu kusan 90,000, tare da ƙasusuwan manyan tarwaɗa. Ƙugiyoyi kuwa, daga cikin mafi tsufa da aka samu akwai na kogon Sakitari a tsibirin Okinawa na Japan, kusan shekara 23,000, kuma da ɓawon dodon koɗin teku aka yi su. Wato Makeri ka ƙara ɓawo mai kauri a jerin kayanka. Hanyar ɗaya ce da ta ƙashi: huda tukuna, sannan guga.

Makeri_77
Ɓawon teku mai kauri, i. Na ruwan daɗi yawanci siriri ne, yana farfashewa. Amfaninsa biyu: gefensa yana kankare zare, kuma ɗan guntunsa mai ƙyalli in an rataye sama da ƙugiya ana jan sa a hankali yana jawo kifin da ke farautar 'yan'uwansa.

Saurayin_Rafi
Mashi fa? Ni ina ganin ya fi komai sauri, ba zare ba jira.

Bakin_Gulbi
Saurin haɗawa, i. Saurin kamawa kuwa sai ruwa mai haske marar zurfi, da hannun da ya saba. Sanda ɗanya miƙaƙƙiya, mita 2 zuwa 2 da rabi, kaurin santimita 3 ko 4. Ka fara ɗaure ta tam a taƙi ɗaya daga kai, KAFIN ka tsaga, in ba haka ba tsagar za ta zarce har hannunka. Sannan ka tsaga kan gida huɗu, ka cusa 'yan tsinke biyu a gicciye su buɗe haƙoran, ka ɗaure tsinkayen, ka fere kowane haƙori. In da hali ka yi wa kowanne ɗan kunne ta ciki. Ka gasa tsinin sama da garwashi kana juyawa har ya yi ruwan ƙasa, kada ya yi baƙi, wanda ya ƙone karyewa yake.

Ba a jifa da shi. Ka sa tsinin cikin ruwa, ka matsar da shi a hankali har ya rage taƙi ɗaya ko biyu, sannan ka soka da ƙarfi ka danne kifin a ƙasa. Kada ka ɗaga mashin, zai zame. Ka bi sandar da ɗaya hannun ka kamo shi. Inuwarka kada ta faɗa kansa.

Malamar_Kimiyya
Dalilin sa tsinin a ruwa tukuna: haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, sai ka ga kifi sama da inda yake. Ko kai tsaye kake kallo ƙasa, zurfin mita ɗaya zai yi maka kamar santimita 75, in kana kallo a karkace kuskuren ya fi haka. Wanda ya soka daga waje ya auna ƙasa da kifin. Idan tsinin na cikin ruwa, shi da kifin duka ido na ganinsu da karkata iri ɗaya, matsalar ta kau.

Amma ina da ja a kan tsayuwa cikin ruwa awa da awa. Ruwan daɗi marar gudu mai ƙananan dodon koɗi, a ƙasashen zafi da yawa, shi ne gidan tsargiya, kuma ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ga kada da dorina a inda suke, musamman da magariba da dare, lokacin da mai mashi ke son fita da wuta. Wannan ma hujja ce ga masu cewa a kafa abu a koma tudu.

Saurayin_Rafi
To koma fa, tun da an iya tufka?

Mai_Tufka
Yi lissafi ƙanena. Komar mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ido santimita 4 daga ƙulli zuwa ƙulli: layi 25 ta nan, 25 ta can, mita 50 ke nan, ƙulle-ƙulle su ci wani mita 10 ko fiye. Ko da kana tufka mita 5 a awa, awa 12 ne, ban da neman zaren da gyara shi da saƙar kanta. Kuma mita ɗaya ba koma ba ce. Da wannan zaren za ka kafa fatsa 30 masu mita bibbiyu. Koma aikin wanda zai zauna makonni ne. In dai dole, a yi 'yar homa: reshe mai rassa biyu a lanƙwasa su su haɗu, a ɗinka riga ko a saƙa ɗan buhu a jiki, a riƙa kwasar ƙanana a gefen ciyawa.

Mai_Karatu
Mutanen dā sun yi ta duk da haka. Komar Antrea da aka samu a 1913 a yankin Kareliya, da ɓawon itace aka tufka ta, duwatsu ne nauyinta, ɓawon itace ne abin da ke ɗaga ta sama, shekarunta sun haura 10,000. Amma wannan aikin mazauna ne, ba na wanda ya ɓata ba, don haka ina tare da Mai_Tufka.

Dan_Tudu
Ba wanda ya ambaci magimfa, tsiron nan mai gubar kifi. Ai ana daka ta a zuba, kifi ya taso.

Tsohon_Masunci
Da gangan aka bar ta. Ba ta zaɓe, tana kashe manya da 'ya'ya da abin da ba za ka ci ba, ta bar kududdufin fanko, gobe ba ka da abinci a wurin. Ruwan da za ka sha ne kuma. Ƙasashe da yawa sun haramta kamun kifi da guba. Shinge da gura ma akwai inda doka ta hana in ba larura ba, don haka mai koyo ya bincika dokar wurinsa, kuma kowa ya rushe shingensa ya cire gurarsa in zai tafi. Gurar da aka bari tana ci gaba da kisa, mataccen ciki ya zama abincin da zai jawo na gaba.

DanDaji_01
Mu dawo kan tambayar. Na ga kamar gura ta rinjaya, amma har yanzu ina ganin ranar farko mutum ba zai gama gura ba ga yunwa.

Gwanin_Gura
Wanda hannunsa bai saba ba zai ci yini a kanta, gaskiya ne. Amma yinin ɗaya ne, ita kuma za ta yi ta aiki. In ana sauri a rage: tsayayyu 11, tsawon kamu ɗaya da rabi, a nufi ƙananan kifi. Ƙanana sun fi yawa, sun fi saurin shiga, a gasa su a cinye har ƙashi.

Yar_Fadama
Ni ba zan ce gura ko fatsa ba, zan ce kafaffiyar fatsa da tsinken Baba. Tsinke goma aikin awa ɗaya ne. Zare mita bibbiyu. A ɗaura kowanne a ɗanyen reshen da ya sunkuyo kan ruwa, mai lanƙwasuwa, ba busasshe ba, don reshen ne zai riƙa shanye fizgar kifi, zaren da aka tufka da hannu ba ya jure fizga a kan abu mai tauri. A sa ɗan dutse mai wuya a tsakiya taƙi ɗaya sama da tsinken a madadin dalma. Wasu a bar su a ƙasa, wasu a rataye a tsakiyar ruwa, da safe a ga wanne ya ci sai a mayar da sauran zurfinsa. A kafa da la'asar sakaliya. Kuma wannan hanyar ta magance fizgar da Baba ya yi gargaɗi a kai, tun da ba kowa a wurin, kifi zai haɗiye a natse.

Makeri_77
Ƙaguwa da kunkuru za su cinye rabin abincin kafin tsakar dare in yana kwance a ƙasa. A ɗaga shi taƙi ɗaya da ɗan busasshen kara a ɗaure kusa da tsinken. Kuma kifi mai haƙori irin tsage zai datse zaren tsiro komai kyansa, a wurin da yake da yawa gura ce kawai ko mashi.

Mai_Tufka
Mita 20 na zare ke nan Yar_Fadama, shi ma kusan yini ne. A fara da uku ko huɗu a daren farko, a ci gaba da tufka a bakin wuta, washegari a shiga gura da kayan cikin abin da aka kama. Da safe a kwance zarurrukan a shanya su, wanda ya kwana biyu uku a jiƙe yana fara ruɓewa daga wurin ƙulli.

Malamar_Kimiyya
Duk wanda aka kama a farke shi nan take a cire kayan ciki, a dafa ko a gasa har naman ya daina sheƙi ya rabu da ƙashi cikin sauƙi. Kifin ruwan daɗi ba a cin sa ɗanye ko rabin gashi saboda tsutsotsi. Talibambam, mai kumburan nan, a mayar da shi ko a binne, wuta ba ta kashe gubar danginsa.

Saurayin_Rafi
Baba Tsohon_Masunci, in ruwan dutse ne mai gudu sosai, ba ciyawa ba reshe a gaɓa, ina za a kafa?

Tsohon_Masunci
Ka nemi bayan babban dutse inda ruwa ke juyawa ya lafa, ko inda gudu ya zube cikin gurbi mai zurfi. Nan kifi ke tsayawa yana jiran abin da ruwa zai kawo. Ka yanko ɗanyar sanda mai gaba ɗaya da rabi, ka cusa gindinta tsakanin duwatsu a karkace ka danne da wasu, ita ce reshenka. Zaren ka fara ɗaure shi daga gindin sandar, ka naɗo shi zuwa kai, don in kan ya karye kifin yana nan a ɗaure. Dutsen nauyi ya ninka na tafki, kuma ka zaɓi mai faɗi, mulmulalle gangarawa yake da gudun ruwa ya ja tsinken ya cusa shi ƙarƙashin duwatsu.